Ƙarafan bola da suka zame wa garin Wilson jari: Wa zai ɗauki nauyin gyaransu?

A tsakiyar Wilson, wani ƙaramin gari a jihar North Carolina ta Amurka, akwai dandali mai manyan farfeloli 30 da iska ke juyawa dare da rana. Wasu sun kai tsayin bene mai hawa huɗu. Da tsofaffin ƙarafa aka haɗa su: ƙafafun keke, fankoki da allunan gefen titi.

Mutum ɗaya ne ya ƙera su, Vollis Simpson, wanda bai taɓa shiga makarantar zane ba. Makanikin injuna ne. Tun yana soja a tsibirin Saipan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗa farfelar da ke juya injin wanki. Bayan ya yi ritaya sai ya shiga walda ƙarafan da ya tara, yana kafa su a gonarsa da ke Lucama. Aikinsa ya kai birnin Atlanta lokacin gasar Olamfik ta 1996. Ya rasu a 2013 yana da shekara 94.

Matsalar irin wannan fasaha ita ce, abin da ke jawo 'yan kallo shi ne ke cinye ta. Duk abin da ke juyawa yana lalacewa: boris ya ci, fenti ya koɗe, tsatsa ta kama. Da tsufa ya hana Simpson hawa sama ya sa giris, farfelolin suka fara tsayawa.

Wilson kuwa gari ne da ya yi suna da kasuwar ganyen taba, kuma arzikinsa ya ja baya da kasuwar ta faɗi. Mutanen garin suka ga mafita a ƙarafan. Aka kwaso su daga gonar, aka yi shekaru ana gyara, da tallafin Gidauniyar Kohler, kafin a buɗe dandalin a 2017.

Sai dai gyaran ba na sau ɗaya ba ne. Idan aka cire su daga iska aka adana a ɗaki, sun zama tarin ƙarfe kawai. Idan aka bar su suna juyawa, dole a riƙa sauya sassa, har wata rana a rasa wanda hannun Simpson ya taɓa. Wilson ya zaɓi su ci gaba da juyawa, wanda ke nufin biyan masu walda da masu fenti kowace shekara, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba.