A Tambaye Mu Kafin a Yaye Zanen

Ana yawan cewa mutanenmu ba sa son ɗaliban likitanci su taɓa su, wai duhun kai ne. Ƙazafi ake yi mana. Mu da muka tashi tsakanin Jega da Maiyama mun san a jikin mutum ake koyon magani tun kafin a kafa jami'ar Aliero a 2006. Ku leƙa gidan masu ɗori a Aliero: yaro na riƙe ƙafar da ta karye, uba na ja, kuma mai karaya ya san wane ne gwanin, wane ne ɗan koyo. Ba wanda ya ɓoye masa.

Ɓoyewar nan ce ke ƙona mana rai a asibiti. Babban likita zai shigo zagayen safe da ayarin fararen riguna. Tsohuwar da aka kawo daga Danwarai tana kiran kowa "likita", babu mai gyara mata. A yaye zane, a yi ta zuba Turanci a kanta, hannu bayan hannu na danna inda ke ciwon. Ta yi shiru, sai a ce ai ta yarda. Ina yarda? An sayar da albasar gida kafin a biya kuɗin mota, tana tsoron in ta ce a'a a wuce gadonta. Mai kuɗin da ke ɗaki na musamman kuwa, sai an ƙwanƙwasa ƙofa. Talaka ne littafin karatu, kuma ko sallama ba a yi wa littafi.

Mu masu rubuta manhaja, ko kyamarar wayarka ba mu isa mu buɗe ba sai Android ta tambaye ka, ka danna ka amince. Ashe kyamara ta fi cikin uwa daraja ke nan?

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa majinyaci bayani, ta kuma ba shi ikon ƙin abin da bai so. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya a Abuja. Wa ya taɓa karanta wa na kan gado su da Hausa?

Ɗaliban nan ƙannenmu ne, muna buƙatarsu, kuma sau da yawa su ne kaɗai ke jan kujera su saurari labarin ciwo tun daga farkonsa. Laifin na malamin da suke kwaikwayo ne. Shi ya kamata ya ja labule, ya bar biyu kawai a ciki, ya sa ɗalibi ya buɗe baki da kansa:

"Inna, sannu da jiki. Ni ɗalibi ne, ban gama ba tukuna. Kin yarda in duba ki, ko a kira miki mace?"

In ta ce a kira mace, a kira, kada kuma maganinta ya makara saboda haka.