Makarantarmu ce, ko wata ce ta ari sunanta?

Mu 'yan ajin ƙarshe aka ba wannan shafi a ɗan littafin bana. Godiya tana nan, amma mun shawarta ba za mu cika shafin da ita kaɗai ba, domin akwai maganar da ake ta yi a bakin masallaci tun da aka sake buɗe makaranta, kuma gara a kawo ta fili.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa mu kamar an jefa dutse cikin kaji. Da muka dawo Omdurman, rufi babu, ƙofofi an ɓalle, allunan da suka rage an yi makamashi da su. An sake gini da sabon bulo, an shimfiɗa sababbin tabarmi. Babban Malam ya rasu a gudun hijira, Allah ya jiƙansa. Yawancin yaran ƙananan azuzuwa baƙin fuska ne. Shi ne wani dattijo ya ce, "Wannan ai ba makarantar da muka sani ba ce, suna ne kawai ya rage."

Muka kai maganar ga malaminmu na manɗiƙi. Ya yi murmushi, ya ce tambayar ta girme mu da shekara kusan dubu biyu. Wani marubucin Girka mai suna Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan jaruminsu Tisiyos, wanda mutanen Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire, su sa sabo, har masanansu suka rabu biyu: wasu na cewa jirgin nan ne dai, wasu na cewa wani ne daban. In ka ce wani ne, to a katako na nawa ya daina zama shi? Na goma? Na ɗari? In kuma ka ce shi ne, wani Bature ɗan Ingila, Tomas Hobs, ya ɗana maka tarko a 1655. Ya ce a ƙaddara wani yana tsince tsofaffin katakon yana ajiyewa, daga baya ya harhaɗa su ya yi jirgi. Ga jirage biyu ke nan, kowanne yana cewa shi ne na Tisiyos.

Mun yi dariya a aji, amma dariyar ba ta daɗe ba, don mu ma muna da jirgi na biyu. Lokacin gudu, mataimakin Malam ya ɗauki rajista da 'yan littattafan da ya iya ɗauka, ya bi iyalai zuwa Gadarif, ya ci gaba da karantar da yaranmu a ƙarƙashin rumfa, da sunan wannan makaranta. Yanzu wasunsu suna dawowa da shahadarsu a hannu, ana ce musu ba a san da ita ba, su koma ajin da suka bari. Ɗaya daga cikinsu abokinmu ne tun muna fatiha. Ya sauke a can, an zaunar da shi a nan cikin masu izifi ashirin.

Ga ra'ayinmu, kuma muna faɗa da ladabi. Abin da ya sa makaranta ta zama ita ba bulo ba ne. Ku dubi Ƙubbar Mahadi da ke nan garinmu. Mahadi ya rasu a 1885, Halifa Abdullahi ya gina masa ita. Bayan yaƙin Karari a 1898 sojojin Kicina suka rushe ta, ta zauna kufai har 1947 da ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina ta. Shekara 49 ke nan. Amma ka tare kowane mai rakisha ka ce ya kai ka Ƙubba, ba zai tambaye ka ta da ko ta yanzu ba. Mutanen da suka riƙe wurin a zuciya ba su yanke ba, kowane tsara ya miƙa wa na bayansa. Mu a nan ma mun san wannan da hannunmu: kullum muna wanke allo, tawadar jiya ta bi ruwa, ba wanda ya taɓa cewa surar ta canja. Malam ya karɓa daga malaminsa, ya biya wa mataimakinsa, ya biya wa malaman da ke gabanmu yau. Wannan miƙawar ita ce makarantar.

To, in haka ne, ta Gadarif fa? Nan ajinmu ya rabu, ba za mu ɓoye ba. Wasu suka ce abu ɗaya ba ya zama biyu, dole a zaɓa. Gaskiya ne, a kan jirgin katako. Amma karatu ba katako ba ne, in ka ɗiba ka ba wani, naka bai ragu ba. Malami guda yakan ba mutum goma ijaza, su watsu garuruwa goma, kowa isnadinsa ingantacce. Wanda ya taɓa tsayawa a Mugran ya ga Farin Nilu da Shuɗin Nilu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya. Ba a tsayar da ɗaya a ce ya kawo shaidar shi Nilu ne.

Akwai kuma abin da ya fi mana ciwo. Mu Hausawan Sudan, a duk duniya bai kamata a ji kalmar "ba na asali ba ne" a bakinmu ba. Kakannin wasunmu sun biyo hanyar hajji suka zauna, na wasu sun zo bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Maiurno kusa da Sinnar. Fiye da shekara ɗari, amma a watan Yuli 2022, da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, abin da aka jefe mu da shi ke nan: baƙi ne. An rasa rayuka masu yawa. A can gida kuma, in ɗayanmu ya je Kano ya buɗe baki, sai a ce Balaraben Sudan ne. Yaya za mu ɗauki wannan sandar mu doki yaron da laifinsa kawai ya yi gudu wata hanya daban da tamu?

Sai magana ta ƙarshe, wadda muka daɗe muna jin nauyin faɗa. Kafin yaƙi akwai wani bawan Allah mai amalanken jaki da ke kawo mana ruwa, kuma yana bin makaranta kuɗin wata uku. Ya dawo, jakin ma ba shi da shi yanzu. Da ya zo tambaya, aka ce masa ai waccan makarantar ta tafi da yaƙi, wannan sabuwa ce. Amma takardar neman taimakon gini da aka raba wa 'yan kasuwa, mu muka kai ta shago-shago, mun karanta ta: da tsohon suna aka rubuta, da shekarar kafuwa, da sunan marigayi Malam. Iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ba zai yiwu mu zama tsohuwar makaranta ranar karɓa, mu zama sabuwa ranar biya ba.

Muna roƙon taron iyaye na bayan Sallah ya duba abu biyu. A saurari haddar waɗanda suka dawo daga Gadarif, a sa kowa inda karatunsa ya kai shi. Sannan a biya mai ruwa. Mu 'yan ajin ƙarshe mun fara tara namu a cikin gwangwanin madara, yana wurin malamin manɗiƙi.