Hamsta biyu a keji ɗaya: zo mu zauna, zo mu saɓa



Wata 'yar uwa da ta koma gidanta a Omdurman bayan ƙura ta ɗan lafa ta turo mini saƙo. Ta ce yaranta biyu sun zama shiru-shiru tun da suka dawo, ga shi ƙawayensu na unguwa duk sun watse. Tana so ta saya musu hamsta, wannan 'yar dabbar mai kama da ɓera, mai gajeren bindi da manyan kumatu. "Hajiya," in ji ta, "zan sayi biyu ne, kowa da tasa, in zuba su a keji ɗaya su riƙa ɗebe wa juna kewa. Ko da matsala?"

'Yar uwa, akwai matsala, babba ma kuwa. Bari in ba ki labarin abin da ya faru a ɗakina, sannan in kawo dalili.

A 2022 ne, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa mu. Ina sayar da atamfa da laffaya a Suk Libya, auta kuma ya dame ni da roƙo tun da ya ga hamsta a gidan wani abokinsa. Wata ranar Alhamis na biya wajen wani mai sayar da tsuntsaye, na tarar da su kusan goma a cikin akwatin gilashi ɗaya, sun hau kan juna suna barci, gwanin sha'awa. Na ce masa guda nake so. Ya ce, "Haba Hajiya, ai kaɗaici zai kashe ta. Ɗauki biyu in rage miki." Kun san halinmu 'yan kasuwa, da zarar an ambaci ragi kunne ya buɗe. Na ɗauki biyu, duka maza, 'yan uwa ɗaya. Yara suka raɗa musu suna Ful da Ta'amiya, don dai shi ne karin kumallonsu kullum.

Sati uku ana zaune lafiya. A na huɗu na fara jin 'yar ƙara cikin dare, tsii-tsii, sai na ce wasa suke yi. Na lura Ta'amiya ya daina zuwa wurin abinci, kullum yana rakuɓe a lungu guda, na ce ai zafi ne. Wata rana da asuba auta ya riga ni zuwa wajen kejin. Kukansa ne ya tayar da gidan. Ta'amiya na kwance jina-jina, an yage masa kunne da gefen ciki, Ful kuwa yana can yana cika kumatu da gero kamar ba abin da ya faru. Kafin azahar ya mutu. Auta ya ce, "Umma, ba ke kika ce 'yan uwa ne ba?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Daga baya na zauna na bi diddigin wannan dabba, na gane laifina ne, ba na Ful ba.

Babbar hamstar da aka fi sayarwa, mai ruwan zinariya ko fari da ja, asalinta ƙasar Siriya ce, wajen birnin Halab da kudancin Turkiyya. A 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni ya sa aka tona rami a wata gonar alkama kusa da Halab, aka fito da uwa da 'ya'yanta. Kaɗan ne daga cikinsu suka rayu a Birnin Ƙudus, amma daga waɗannan kaɗan ɗin ne mafi yawan hamstar da ke gidajen duniya yau suka samo asali. Masu binciken da suka koma yankin daga baya suka tona ramuka ba su samu manya biyu a rami ɗaya ba. Kowace da raminta, da rumbunta, da iyakarta. Namiji da mace kan haɗu ne don barbara kawai, ana gamawa kowa ya kama gabansa. Ita macen ma ta fi namijin faɗa.

Kun san gafiya, yadda take cika kumatu da hatsi ta kai rami, har Bahaushe ya ce gafiya tsira da na bakinki. To ita ma hamsta haka take, rayuwarta duka tari ne da tsaron abin da ta tara. Duk wata hamstar da ta gani kusa da rumbunta ɓarauniya ce a wurinta, ko da ciki ɗaya suka fito. A daji wadda aka fi ƙarfi gudu take yi ta tsira. A keji ina za ta gudu?

To me ya sa muke ganinsu a cunkushe wajen masu sayarwa ba sa faɗa? Saboda jarirai ne. Ana yaye su suna da sati uku zuwa huɗu, a kawo su kasuwa. Halin ƙin juna yana fitowa ne idan sun kai wajen sati shida zuwa takwas. Wato zaman lafiyar da kika gani a kasuwa, a gidanki zai ƙare. Mai sayarwa bai lalle ya yi miki ƙarya da gangan ba, shi bai taɓa riƙe su har su girma ba.

Mu Hausawa mun saba da dabbobin da ke son jama'a. Tantabara sai da abokin zamanta, tumaki sai garke, kaji sai akurki, zomaye ma suna jin daɗin zama tare idan an haɗa su yadda ya dace. Mu kanmu haka muke. Duk wanda ya zauna a Mayo ko ya je Mai Wurno ya san ba a barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai. Shi ya sa in mun ga dabba ita kaɗai a keji sai tausayi ya kama mu. Amma wannan tausayin da mudunmu muke auna shi. Ita hamsta ba ta jin kewar 'yar uwarta. Kaɗaicin da muke gudar mata shi ne kwanciyar hankalinta.

Wani zai ce to a haɗa namiji da mace mana. Wannan kuma wata rigimar ce. Mace kan nemi namiji duk bayan kwana 4, cikinta kuma kwana 16 ne kacal. Haihuwa ɗaya tana iya zubo shida, takwas, har fiye da goma. Cikin wata biyu sai ki wayi gari da dozin, kowace na bukatar kejinta. Idan kuma uwar ta tsorata, saboda namiji na kusa ko yara sun taɓa jariran, tana iya cinye su. Ba abin da za ki so yaro ya gani ba ne.

Akwai ƙananan nau'i da ba su kai tsawon yatsa da rabi ba, 'yan asalin Mongoliya da Sin da Rasha, irin su Roborovski da Campbell. Su wani lokaci sukan zauna bibbiyu idan jinsi ɗaya ne kuma tare suka tashi. Amma ko su ba tabbas, sukan shekara lafiya rana ɗaya su juya wa juna. Mai son gwadawa sai ya tanadi komai biyu, kwanon abinci biyu, ruwa biyu, maɓuya biyu, da keji na biyu a gefe don ranar da za ta ɓaci. Ni dai shawarata, gidan da akwai ƙananan yara kada a gwada.

Idan kuma kin riga kin haɗa su, ga alamun da ni na yi sakaci da su: ƙara da dare, ɗaya na korar ɗaya, ɗaya na ramewa ko ɓuya, gashi na zubewa, ƙananan raunuka a gindi ko ciki. Kina ganin ko guda, raba su a ranar, kada ki jira gobe. In kin tarar suna kokawa kada ki sa hannu, haƙoransu na huda fata. Kifa wa ɗaya kofi ko ki jefa tsumma mai kauri ki ɗauke ta. Rauni a wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in ya yi zurfi a nemi likitan dabbobi. Kuma da zarar an raba, an raba ke nan, babu sulhu.

Na san za ki ce keji biyu kuɗi ne, ga halin da ake ciki. Ba sai kin sayi na kanti ba, yawancinsu ma sun yi ƙanƙanta. Nemi babban akwatin roba irin na ajiye kaya, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, faɗi rabin mita. A yanke murfin a ɗaura ragar waya don iska. A zuba yagaggiyar takarda marar tawada da yawa don ta samu wurin tona rami, a sa mata taya mai juyawa, domin da dare take yawo, kuma tana iya gudun kilomita da dama kafin gari ya waye. Idan akwati biyu ya gagara, sayi hamsta ɗaya, yaran su raba aiki: wannan abinci, wancan shara da ruwa.

Sai maganar zafi, wadda ta shafe mu musamman. Hamsta ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, Khartum kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40, ga ɗauke wuta. Kada a ajiye ta a tsakar gida ko kusa da taga. A nemi ɗakin da ya fi sanyi, a sa akwatin a ƙasa kusa da randa, a saka mata fasasshen tulu ko tayil ta kwanta a kai, ruwa kada ya yanke. Ranar da habub ya taso a rufe ɗakin, ƙura na cutar da numfashinta. In kin san ba za ki iya wannan ba, gara ki saya musu tantabaru, su sun saba da ranarmu. Dabbar da ka kulle amana ce a wuyanka, ci da shanta da tsaronta duk suna hannunka.

Abu na ƙarshe, ki gaya wa yaran tun farko cewa hamsta shekara biyu zuwa uku take yi a duniya, don kada ranar ta zo musu ba shiri.

Ful dai ya rayu shi kaɗai a akwatinsa, ya yi ƙiba, har ya saba da hawa tafin hannun auta. Da muka tashi barin gida a 2023 na bar shi wajen wata maƙwabciya da ta ce ba inda za ta. Har yau auta yakan tambaye ni labarinsa.

'Yar uwa, yaranki sun ga abin da ya ishe su a shekarun nan. Kada ki kawo musu abin lallashi ya koma abin kuka. Hamsta ɗaya, keji ɗaya. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.