Kafin a ƙaro lasifika a wurin tafsiri, a fara neman ƙaramar miksa

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, kwamitocin masallatai kan shiga shirin tafsirin azumi. A gyara rumfa, a sayo tabarmi, a tanadi man janareta, sannan a aika kasuwa a ƙaro lasifika. Abin da ba kasafai yake shiga lissafi ba shi ne wata 'yar na'ura da ba ta fi babban littafi girma ba, wadda masu harkar sauti ke kira miksa. Ita ya kamata a fara saya.

Wurin tafsiri muryoyi biyu ne ke aiki a cikinsa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Alaramma mai jan baƙi yana ɗaga murya, yana ja da tsayi. Malam kuwa bayani yake yi: wani lokaci ya sassauta kamar mai hira, wani lokaci ya ɗaga idan magana ta kai inda take da zafi. Amfilifayar da aka saba gani a masallatai, irin su Ahuja, tana da ramukan makirufo da yawa, kowanne da abin ƙara masa ƙarfi. Sai dai a yawancinsu abin gyara kaurin murya da kaifinta guda ɗaya ne ga kowa. Idan aka saita shi don alaramma, maganar malam ta dushe. Idan aka saita don malam, karatun ya riƙa sukar kunne.

Miksa tana ba kowace murya layinta. Behringer Xenyx 802, alal misali, ramukan makirufo biyu gare ta, kuma kowanne yana da maɓallai uku na gyaran murya: na kauri, na tsakiya da na kaifi. Yamaha MG10XU tana ɗaukar makirufo huɗu, tana kuma da makunnin da ke yanke duk ƙugin da ke ƙasa da hertz 80, wato irin gurnanin janareta da bugun hannu a kan teburi. Babu wani muhimmin abu na maganar ɗan Adam da ke can ƙasa, don haka yanke shi riba ce zalla.

Kukan nan mai tsinin da lasifika ke yi ana tsaka da karatu, wanda ke sa kowa toshe kunne, ba lalacewar kaya ba ne. Makirufo ne ke jin abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ta sake fitarwa da ƙarfi, abin ya yi ta zagayawa. Ƙaro lasifika ƙara wa wannan zagaye hanya ne. Maganinsa yana wurin zama: lasifika ta kasance a gaban makirufo tana kallon jama'a, ba a bayan malam ba, kuma makirufon ya matso kusa da baki. Idan aka rage tazarar daga santimita 20 zuwa 10, muryar da ke shiga tana ƙaruwa da kusan desibel 6 ba tare da an murɗa komai ba. Makirufo irin Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, an yi shi ne ya ji abin da ke gabansa ya kau da kai daga na bayansa. Amma wanda ya dunƙule kansa da tafin hannu, kamar yadda wasu masu sanarwa ke yi, ya rusa wannan tsari da kansa.

Akwai kuma batun kunne da maƙwabta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a wuraren taro kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Kafin nan, a 2021, ma'aikatar harkokin addinin Musulunci ta Saudiyya ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ba lallai ne a kwaikwayi wannan doka a Kano ko Zinder ba, inda mata da yawa daga cikin gida suke sauraren tafsiri ta lasifikar waje. Amma mafi yawan lokaci ana ƙure ƙara ne saboda ba a fahimtar maganar, kuma murya mara tsabta ko an ninka ƙarfinta ba ta zama mai tsabta. Tsohon da ke sahun gaba kusa da lasifika shi ke biyan kuɗin wannan kuskure da kunnensa.

Babbar asarar ma ba a cikin masallacin take ba, tana cikin abin da ake naɗa.

Tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello ya kai ƙauyuka ne ta gidan rediyon Kaduna, inda ma'aikatan da suka san aikin sauti suka ɗauke shi. Malamin ya rasu a 1992, amma har yau ana jin sa. Haka karatuttukan marigayi Sheikh Nasiru Kabara da na marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam suke yawo, daga kaset zuwa faifai zuwa memori. Yau kuwa kusan kowane masallacin unguwa yana da matashin da ke watsa karatu kai-tsaye a Facebook ko YouTube, kuma sau da yawa abin da yake yi bai wuce jingina wayarsa a gaban lasifika ba. Wayar sai ta kwashe komai: fanka, tari, kukan yara, babur mai wucewa, da amsa-kuwwar bangon da aka yi wa tayil. Mai saurare a Kumasi ko Jidda ya ƙone datarsa, ya ji rabin magana. Idan kalma ɗaya ta ɓace a hukuncin gado ko na saki, ba ƙaramin abu ne ya ɓace ba.

Da miksa, muryar tana zuwa wayar ta kebul, ba ta iska ba. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Sautin da ke fita daga miksa ya fi ƙarfin abin da ramin makirufon waya zai iya ɗauka nesa ba kusa ba, shi ya sa wanda ya jona su kai-tsaye yake samun murya a fashe. Hanya mafi sauƙi ita ce miksa mai USB, kamar MG10XU ɗin ko Xenyx Q802USB, a haɗa ta da kwamfuta ko da wayar Android ta 'yar mahaɗar nan ta OTG. Zoom LiveTrak L-8 ta wuce nan: tana naɗa a katin memori da kanta, kowane makirufo a nasa fayil. Ko alaramma ya rinjayi malam a wurin, ana iya daidaita su daga baya. Tana kuma aiki da ƙananan batura huɗu ko da fawa-bank, don haka ɗaukewar wuta ba ta yanke naɗin.

Wanda ya naɗa ta miksa zai lura da wani giɓi: tambayar da aka yi daga cikin jama'a ba ta shiga, sai dai a ji malam yana amsa abin da ba a ji ba. Makirufo na uku don masu tambaya yana toshe wannan, ko kuma a roƙi malam ya riƙa maimaita tambayar kafin ya amsa.

Sai maganar eko. An saba ƙure shi wa mai jan baƙi don karatu ya yi armashi, har harufa su riƙa hawa kan juna, wanda kuma ya san tajwidi ya san abin da ake rasawa. Masallacin siminti da tayil yana da nasa amsa-kuwwar tun kafin a ƙara masa. Miksa tana ba da damar a ɗan taɓa wa alaramma kaɗan, a bar layin malam babu ko ɗigo.

Masu cewa wannan ƙarin kashe kuɗi ne suna da hujja ta wani ɓangare. Miksa ba ta gyara lasifikar da ta fashe, ba ta kuma hana gurnanin da doguwar kebul mara kyau ke jawowa daga wayoyin wutar lantarki. Wannan sai an koma kebul mai ƙafa uku da ake kira XLR, wadda aka tsara don ta soke irin wannan hayaniya. Kuma na'ura mai maɓallai talatin a hannun wanda bai san ta ba ta fi amfilifaya mai maɓallai biyar ɓarna. Saboda haka kwamitin da ya sayi miksa bai ware mutum ɗaya ya koyi aikinta ba ya yi rabin aiki ne.

Koyon ba ya cin mako guda. Maɓallin sama na kowane layi, wanda aka rubuta wa GAIN, shi ake fara saitawa: malam ya yi magana da irin ƙarfin da zai yi a karatu, a murɗa a hankali har 'yar fitilar ja ta fara ƙiftawa, sannan a ɗan koma baya. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, musamman lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta. Mai kula ya sa abin sauraro a kunne ya ji abin da ke shiga naɗin, kada ya dogara da abin da yake ji a ɗaki.

A ajiye asalin naɗin a kwamfuta, a fitar da ƙaramin kwafi don rabawa. Karatun awa ɗaya a MP3 mai kilobit 64 bai wuce megabayit 29 ba, kuma ya wadatar ga magana. Idan an gama saiti a daren gwaji, kafin a ga wata, a ɗauki hoton fuskar miksar da waya a liƙa shi a jikin akwatinta, saboda ranar da mai kula ya makara ko wani yaro ya riga shi zuwa wurin.