A-kori-kura Mai Shan Lantarki Da Fetur: Ko Ta Dace Da Manoman Anka, Gummi Da Bukkuyum?

Kwanakin nan ana ta zancen wata sabuwar irin a-kori-kura wadda ke da injin fetur, ga kuma babban batir da ake ɗura wa lantarki. A shekarar 2024 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da tasa mai suna Shark. A 2025 kuma Ford ya fito da Ranger irin wannan, wadda ake ƙerawa a Afirka ta Kudu. Turawa suna yabonta domin idan sun tafi kwanan daji tana ba su wuta, ba sai sun ɗauki janareta ba. To, ga tambaya: abin da ya yi wa mai yawon shaƙatawa amfani, zai yi wa manomin da ke zaman bukka a fadamar Gulbin Zamfara?

Kada a raina ta, gama amfaninta a fili yake. Batirin Shark yana ɗaukar wajen kilowat-awa 30, kuma masu ita sun ce tana tafiyar mil 60 ba ta taɓa fetur ba. Ranger kuwa batirinta bai kai 12 ba, tafiyarta wajen rabin wancan. Dukansu suna da wurin jona wuta da ke ba da kilowat 6 ko fiye. Injin ban ruwa na lantarki mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kashi uku cikin huɗu na kilowat, watau cikakken batirin Shark ya isa ya juya shi fiye da awa 30. Ga fitila, ga cajin waya, ga firjin ajiye allurar rigakafin dabbobi. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, kowane mai noman rani ya san abin da injin ban ruwa ke ci masa. Har wa yau ba a manta da 2021 ba, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta hana sayar da fetur a jarka saboda tsaro, masu injuna suka rasa na zubawa.

Amma fa batir rumbu ne, ba gona ba ne. Abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Baturen da ya tafi daji kwana biyu, a gidansa ya cika shi kafin ya tashi. Manomin Bukkuyum fa, a ina zai cika nasa? Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa Zamfara ba abin dogara ba ce ko a cikin gari, balle ƙauyukan da waya ba ta kai ba. Lalle injin motar yana iya cika batirin da kansa, amma da fetur zai yi. Ashe ke nan an sayi janareta mai ƙafa huɗu da kuɗin da ya fi na gonar duka.

Saura hasken rana, wanda Allah ya hore wa ƙasar nan. Faifan sola mai wat 400 yana tara wajen kilowat-awa 2 a yini. Kadan ana so a cika batirin Shark cikin yini guda, sai an jera faifai 15, ban da na'urar juya wuta, kuma tilas motar ta wuni a tsaye wurinsu maimakon ta tafi kasuwa. Wanda kuwa ya mallaki faifai, me zai hana ya jona su da injin ban ruwa kai tsaye? Kaɗan daga cikinsu sun isa wannan aiki, ba taya, ba mai, ba direba.

Sa'an nan a duba kaya da hanya. Batir yana da nauyi, saboda haka abin da aka yarda Shark ta ɗauka wajen kilo 800 ne, watau buhu takwas na dawa ko shinkafa. Kowa ya san lodin da ake yi wa a-kori-kura ran kasuwa ba buhu takwas ba ne. Batirin kuma a ƙarƙashin mota yake, ga ketaren rafi da damina, ga irin ambaliyar da ta auka wa Gummi a Agusta 2024. In ta lalace tsakanin Anka da Daki Takwas, wane bakanike zai taɓa ta? Hilux kowane gareji ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Wannan kuwa tana ɗauke da wuta mai ƙarfin da zai kashe wanda ya sa mata hannu ba da sani ba.

Babban abin duka shi ne tsaro. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna hana mutanen wannan yanki zuwa gonakinsu na nesa, wani wuri ma sai an biya su haraji kafin a yi girbi. Inda manomi ba ya iya wuni a gona da kwanciyar rai, zancen kwana a can da sabuwar mota da fitila tar ya zama kiran ɓarawo da ganga.

Ba a ce motar ba ta da wuri ba. Malaman gona da likitocin dabbobi, waɗanda ke tashi daga Gusau su koma, su ne za ta fi yi wa rana, in hukuma ta tanadi wurin cika batir da bakaniken da ya koyi aikinta. Ya kamata a gwada ɗaya ko biyu damina da rani, kana a faɗa wa jama'a abin da aka gani.

Amma manomi ko ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi, abin da ya fi shi ne ta fara da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa mai sola, ta ci gaba da hayar mota ran kasuwa. Da sannu akan kai nesa. Ran da hanya ta gyaru, wuta ta tsaya, daji ya lafa, motar tana nan ba ta gudu ba, watakila ma ta yi sauƙi. Allah ya kawo zaman lafiya, ya ba da damina mai albarka, amin.