RA'AYINMU: Wa Zai Tsare Mai Shaida?

A shekarar 2015 wani ɗan sanda ya harbi Josephat Mwenda, ɗan acaɓa a ƙasar Kenya, a hannu. Mwenda ya kai ƙara, sai reshe ya juye da mujiya, aka gurfanar da shi. Ran 23 ga Yuni 2016, fitowarsa daga kotun Mavoko ke da wuya, aka sace shi da lauyansa Willie Kimani da direban tasinsu. Bayan mako guda aka tsamo gawarwakinsu a kogi.

Sai a 2022 kotu ta sami 'yan sanda uku da ɗan rahotonsu da laifin kisan.

A ganinmu ɓarnar ta wuce rayuka uku. Duk ɗan acaɓa ko maigadi da ke neman abinci a Ikko ko Fatakwal ya san wannan tsoro: ka gani da idonka, ka ce ba ka gani ba, don gudun tsira da rai. Alhali shari'a ba ta tsayawa sai da shaida.

Saboda haka muna kira ga hukumominmu: kada a bar binciken ɗan sanda a hannun abokan aikinsa, kuma a tsare mai shaida tun kafin ya buɗe baki. Ba a ba kura ajiyar nama.