A Auna Kafin a Yanke Hukunci

Abin takaici ne yadda wasu masu gyara ke yanke wa kwamfutar tebur hukunci da zarar ta ƙi tashi. Ko mita ba su ɗauko ba, sai su ce madabod ya ƙone, mai ita ya biya kuɗin sauya abin da lafiyarsa ƙalau.

Sau da yawa laifin na akwatin wuta ne, kuma gwajinsa ba ya cin minti biyar. A zare filoginsa mai baki 24 daga madabod, a haɗa koriyar waya da baƙa, a kunna. Idan ya tashi, a sa mita: layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 kuwa tsakanin 4.75 da 5.25. Sai an gwada lafiyayyen akwati kwamfutar ta ƙi, sannan ake tuhumar madabod.

Mafi muni, wasu sukan maye gurbin mataccen da na araha marar kariya daga hauhawar wuta. Irinsa ne ke mutuwa ya tafi da madabod da ma'ajiyar bayanai, aikin shekaru ya salwanta.